Gidan haya a Najeriya

Gidan haya gida ne, ko wani sashe na gida, da mai shi ke bai wa wani ya zauna a ciki na ƙayyadadden lokaci a kan kuɗin da suka daidaita. Wanda ya ba da gidan ana ce masa mai gida ko mai gidan haya, wanda ya shiga kuma ɗan haya. A Najeriya, sayen gida ko gina shi domin a zuba 'yan haya yana cikin hanyoyin da 'yan kasuwa, ma'aikata masu shirin ritaya da mazauna ƙasashen waje ke bi don adana dukiya, saboda ana ganin ƙasa da gini ba sa faɗuwa kamar yadda darajar naira ke faɗuwa.

Da yawa daga masu shiga harkar da abin da suka tara tsawon rayuwarsu suke shiga, ko da kuɗin sallama, ko da rabon gado, don haka kuskure ɗaya na iya cinye komai. Abubuwa uku ne suka fi yanke makomar irin wannan jari: ingancin takardun fili, abin da ya rage na kuɗin haya bayan an fitar da ɗawainiya, da kuma bin doka wajen mu'amala da ɗan haya, musamman lokacin da za a tashe shi.

Kalmomi

Ana danganta kalmar haya da kalmar Turanci hire, kuma ta shafi gida, shago, gona da abin hawa. Kafin ta yaɗu, Hausawa suna amfani da sufuri da wannan ma'ana, amma a Hausar yau sufuri ya fi nufin jigilar mutane da kaya. A littattafan fiƙihu ana samun ijara, wadda aka aro daga Larabci. Haka ma dillali da la'ada daga Larabci suka zo, fuloti, notis da rasit kuwa daga Turanci.

Kalmar mai gida tana da ma'ana fiye da ɗaya. Tana nufin miji, ko shugaban iyali, ko ubangidan da mutum ke yi wa aiki, ko wanda ya mallaki gini. Saboda haka a takardun yarjejeniya akan rubuta mai gidan haya ko mamallakin gida don a kauce wa ruɗani.

Tarihi

A tsohon tsarin zaman Hausawa, gida na iyali ne. Idan ɗa ya yi aure sai a yanka masa sashe a gidan mahaifinsa, baƙo kuma a sauke shi a soro ko a wani ɗaki ba tare da an sa masa kuɗi ba. Wanda ya fi kama da mai gidan haya a wancan zamani shi ne mai masaukin fatake a zango. Shi ke ba baƙin 'yan kasuwa ɗaki da abinci da wurin ajiyar kaya, ya haɗa su da masu saye, ya tsaya musu a kan bashi, sannan ya ci moriya ta hanyar la'adar cinikin da aka ƙulla. Polly Hill ta yi rubutu a kan wannan tsari a kasuwar Kumasi a 1966, Abner Cohen kuma ya bayyana shi a littafinsa na 1969 a kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, inda masu gidaje ke riƙe da cinikin shanu da goro.

Hayar gida da kuɗin wata ko na shekara ta bunƙasa ne a zamanin Turawan mulkin mallaka, lokacin da aikin albashi ya tara baƙi a birane. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma cikin 'yan shekaru aka keɓe Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga kudu. Irin haka ta faru a Zariya, Kaduna da Jos. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya ƙara janyo jama'a zuwa birane, haya ta yi tsada, gwamnatocin soja suka riƙa kafa dokokin ƙayyade kuɗin haya. Ɗaya daga cikinsu ita ce dokar jihar Legas ta 1997, a zamanin Buba Marwa. Irin waɗannan dokoki ba su yi tasiri sosai ba, domin masu neman gida sun fi gidajen yawa. Komawar gwamnatin tarayya Abuja a ranar 12 ga Disamba, 1991 ta buɗe sabuwar kasuwar haya a birnin da garuruwan da ke kewaye da shi, irin su Kubwa, Nyanya, Mararaba da Suleja.

Ire-iren gidajen haya

Mafi sauƙin kuɗi shi ne gidan yawa, inda kowane ɗan haya ke da ɗaki ɗaya ko ciki da falo, a haɗu a tsakar gida, banɗaki da rijiya. A Legas da sauran biranen kudu irin wannan gida yakan zama ɗakuna jere biyu masu fuskantar juna da lungu a tsakiya. Kuɗin da ake tarawa daga gidan yawa yakan yi kauri idan aka kwatanta da abin da aka kashe wajen gininsa, amma ya fi kowanne yawan rigima da saurin lalacewa.

Sai ɗaki mai banɗaki da kicin a ciki, wanda ɗalibai, masu yi wa ƙasa hidima da sababbin ma'aikata suka fi nema. Irinsa ya yawaita a unguwannin da ke kusa da jami'o'i, kamar Samaru a Zariya. Akwai kuma gida mai ɗaki biyu ko uku da falo domin iyali, ko dai a tsaye shi kaɗai ko a cikin bene. A unguwanni da dama na arewa magidanta sun fi son gida mai ƙofarsa da tsakar gidansa daban saboda sirrin iyali, kuma mai gini da bai lura da wannan ba yakan daɗe bai samu ɗan haya ba. Wasu masu gidaje sukan fitar da shaguna a fuskar gidan da ke bakin titi. A Abuja da Legas an samu ƙarin gidajen da ake bayarwa da kayan ɗaki na 'yan kwanaki, waɗanda tafiyar da su ta fi kusa da ta otal.

Mallakar fili da takardu

Dokar Amfani da Ƙasa ta ranar 29 ga Maris, 1978, wadda gwamnatin soja ta Olusegun Obasanjo ta kafa, ta damƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke samu shi ne haƙƙin zama da amfani. A birane gwamna ke ba da wannan haƙƙi, a karkara kuma ƙaramar hukuma. Shaidarsa ita ce takardar mallakar fili da aka fi sani da C of O, wadda galibi ake bayarwa na shekara 99 ga gidajen zama. A arewa tsarin ba sabo ba ne, domin dokar Turawa ta 1910 da dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 sun riga sun sa ƙasa a ƙarƙashin ikon hukuma. A Abuja ministan babban birnin tarayya ke riƙe da wannan iko.

Sashe na 22 na dokar ya ce wanda ke da haƙƙin zama daga gwamna ba zai sayar, ko ya jinginar, ko ya miƙa wa wani ba sai da amincewar gwamna. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo ta 1989, Kotun Ƙoli ta yanke cewa jinginar da aka yi ba tare da wannan amincewa ba ba ta da inganci. Sashe na 28 kuma ya ba gwamna ikon soke haƙƙin zama saboda bukatar jama'a, kuma diyyar da ake biya ta fi shafar ginin da ke kan filin.

Saboda haka mai son sayen gida yakan fara da bincike a ma'aikatar ƙasa ko hukumar da ke riƙe da rajistar filaye, kamar AGIS a Abuja, KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna. Binciken yana nuna sunan da ke kan takarda, da ko an jinginar da gidan a banki, da ko wurin na cikin hanya ko filin da gwamnati ta keɓe. Safiyo yakan auna filin ya tabbatar iyakokinsa sun dace da taswira.

A Kano da wasu garuruwan arewa ana bambanta filin gwamnati da filin awon igiya, wato gonar da mai ita ya yanka fuloti-fuloti ya sayar da shaidar mai unguwa ko dagaci. Awon igiya ya fi araha, amma sau da yawa ba a bar isasshiyar hanya ko magudanar ruwa ba, banki ba ya karɓar takardarsa a matsayin jingina, kuma an sha sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu. Gidan gado ma yana bukatar taka-tsantsan. Idan ba a raba gadon ba, ko wani magaji bai sa hannu ba, cinikin na iya ƙarewa a kotu bayan shekaru.

Mai gina sabo yana bukatar izinin gini daga hukumar tsara birane, kamar KNUPDA a Kano. Rusau ɗin da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Nasir El-Rufa'i ke minista, ya shafi gine-gine masu yawa da aka yi ba bisa taswirar birnin ba, ciki har da gidajen da aka gina domin haya.

Jari da lissafin riba

Yawancin ƙananan masu gidajen haya da kuɗin hannu suke gini, sannu a hankali. Mutum yakan sayi fuloti ya kewaye, ya tara bulo, ya gina ɗaki biyu ya sa haya, sannan ya ci gaba da abin da ke shigowa da kuɗin adashi ko rancen ƙungiyar ma'aikata. Dalilin haka shi ne tsadar rancen banki. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma sukan ɗora nasu a sama. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992 kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke kula da shi, yana ba masu zuba kashi 2.5 na albashinsu rance a kan ruwa kashi 6 har tsawon shekara 30, amma an tsara shi ne domin gidan da mutum zai zauna da kansa. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna da tsarin mallakar gida ta hanyar ijara.

Ana auna amfanin gidan haya ta hanyar kwatanta kuɗin hayar shekara da abin da aka kashe a kan gidan. Lissafin iri biyu ne: na sama-sama, wanda bai cire komai ba, da na haƙiƙa, wanda ya cire ɗawainiya. Ga misali da alƙaluman da aka ƙaddara don bayani kawai. A ce an sayi gida mai sashe huɗu a kan naira miliyan 30, ana ba da kowane sashe a kan naira 600,000 a shekara. Jimillar haya miliyan 2.4 ke nan, wato kashi 8 cikin ɗari. Amma idan la'adar dillali, kuɗin lauya, canjin suna da gyaran farko suka ci miliyan 3, jarin ya zama miliyan 33. Idan sashe ɗaya ya yi wata uku babu kowa, an rasa 150,000. Mai kula da gida ya ɗauki kashi 10 na abin da aka karɓa, wato 225,000. Gyare-gyare suka ci 350,000, kuɗin ƙasa da inshora da na ƙaramar hukuma kuma 125,000. Abin da ya rage shi ne naira 1,550,000, kimanin kashi 4.7 cikin ɗari, kuma ba a cire harajin kuɗin shiga ba tukuna. A haka sai an yi shekara 21 kafin haya kaɗai ta mayar da jarin.

Wannan misali yana nuna hatsarin gina gidan haya da rancen banki. Da an ranto miliyan 15 daga cikin kuɗin a kan ruwa kashi 25, ruwan shekara ɗaya zai kai miliyan 3.75, fiye da dukkan hayar gidan. Yana kuma nuna cewa babban abin da masu gidaje ke dogaro da shi shi ne tashin darajar filin, wanda ba ya shiga aljihu sai an sayar. Hauhawar farashi, wadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024, tana ɗaga kuɗin siminti, rodi da kwano nan take, alhali kuɗin haya sai shekara ta zagayo ake iya taɓa shi, kuma albashin 'yan haya ne ke sa masa iyaka.

Wurin da gida yake yana da tasiri fiye da kyan gininsa. Masu neman haya sukan tambayi ruwa, wuta, hanya, tsaro da nisan kasuwa, makaranta da wurin aiki. Shi ya sa masu harkar ke ba da shawarar a je ganin gida da damina, lokacin da yoyo, danshin bango da kwanciyar ruwa a layi ke bayyana.

Dillalai da masu kula da gida

Yawancin gidajen haya ta hannun dillalai ake samun su. La'ada ta bambanta daga gari zuwa gari, galibi tsakanin kashi 5 zuwa 10 na hayar shekara, kuma a Legas da Abuja akan ƙara kuɗin rubuta yarjejeniya da kuɗin ajiya na ɓarna. Ƙwararrun masu ƙiyasta kadara da kula da ita suna da hukumar rajista ta ƙasa, ESVARBON, wadda aka kafa da dokar 1975, amma dillalan unguwa da dama ba su da wata rajista. Damfarar da aka fi sani ita ce a karɓi kuɗin mutane da yawa a kan gida ɗaya. Mai gidan da ba ya gari yakan naɗa wakili, kuma rubuta iyakar ikon wakilin, da asusun da za a riƙa zuba haya, yana rage saɓani.

Yarjejeniyar haya

Doka ta amince da hayar ɗan gajeren lokaci ko da baki aka ƙulla ta, amma idan rigima ta taso abin da ke rubuce shi ke da sauƙin tabbatarwa. Yarjejeniya mai kyau takan ƙunshi sunayen ɓangarorin biyu da shaidu, bayanin gidan, kuɗin haya da ranar biya, ranar shiga da ranar ƙarewa, abin da za a yi da gidan, wanda zai ɗauki kowane irin gyara, hukuncin sa wani ɗan haya a ƙarƙashin na farko, yadda za a yi ƙarin kuɗi, da tsawon notis. Akan haɗa da jerin abubuwan da ke gidan da yanayinsu ranar shiga, da lambar da mitar wuta ta nuna.

Kafin a ba da makulli, masu gidaje sukan binciki sana'ar mai neman haya, yawan iyalinsa da inda ya taso, wasu kuma su nemi wanda zai tsaya masa. A birane da yawa shekara guda ake biya gaba ɗaya, wani lokaci har shekara biyu. Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011, wadda gwamna Babatunde Fashola ya sa wa hannu, ta haramta karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, da fiye da wata shida daga tsohon ɗan haya mai biyan wata-wata. Hukuncin saɓawa shi ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata uku. Dokar ta kuma wajabta ba da rasit. Ba ta shafi Apapa, Ikoyi, Victoria Island da unguwar GRA ta Ikeja ba. Harkar haya a hannun jihohi take, don haka kowace jiha da tata doka.

Nauyin da ke kan kowane ɓangare

Babban haƙƙin ɗan haya shi ne a bar shi ya zauna lafiya har wa'adinsa ya cika. Mai gida ba ya shiga sashen da ya bayar sai da sanarwa, ko da kuwa don duba gyara ne. Bisa al'ada manyan gyare-gyare, irin su rufi, bango, masai, sokawe da rijiya, suna kan mai gida, ƙananan kuma, irin su ƙwan fitila, kan famfo da makulli, suna kan ɗan haya. Ɗan haya zai biya haya a kan lokaci, ya kula da gidan, kada ya fasa bango ko ya ƙara gini sai da izini, kada kuma ya mai da gidan zama wurin wata sana'a da ba a yi maganarta ba.

A gidan yawa, kuɗin wuta, yasar masai, shara da man injin rijiyar burtsatse su ne tushen yawancin faɗa. Bashin wutar da tsohon ɗan haya ya tafi ya bari ma yakan dawo kan mai gida, shi ya sa da yawa ke sa wa kowane sashe mitarsa ta kati. Dokar Inshora ta 2003, wadda aka maye gurbinta a 2025, ta sanya gidajen da 'yan haya ke ciki a jerin gine-ginen da dole a yi wa inshorar gobara, rushewa da ambaliya, ko da yake bin wannan tanadi ya yi ƙaranci.

Tashin ɗan haya

A nan ne sababbin masu gidaje suka fi faɗawa matsala, saboda zaton cewa mai abu yana da ikon karɓar abinsa duk lokacin da ya so. Doka ta shimfiɗa matakai. Na farko shi ne notis na barin gida. Idan yarjejeniya ba ta faɗi tsawonsa ba, dokar da ake bi a Abuja ta sa mako ɗaya ga mai hayar mako, wata ɗaya ga mai hayar wata, wata uku ga mai hayar wata uku, da wata shida ga mai hayar shekara. Dokar Legas ma kusan haka ta tanada. Idan wa'adin ya cika ɗan haya bai fita ba, sai a ba shi notis na biyu na kwana bakwai, mai sanar da shi cewa mai gida zai je kotu. Daga nan a shigar da ƙara a kotun da dokar jihar ta ba hurumi. Idan kotu ta ba da umarni, ma'aikatanta ne ke aiwatarwa.

Yaye kwano, cire ƙofa, garƙame ɗaki, yanke wuta ko ruwa, watso kaya waje ko turo 'yan daba duk ɗaukar doka a hannu ne, ko da ana bin ɗan hayar bashi. Wanda ya yi haka ana iya sa shi biyan diyya, a Legas kuma dokar 2011 ta tanadi tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida. A shari'ar gwamnan Legas da Ojukwu ta 1986, wadda ta taso a kan wani gida a Ikoyi, Kotun Ƙoli ta yi tir da fitar da mutum da ƙarfi alhali magana na gaban kotu, duk da cewa gwamnati ce ta aikata. Rikicin haya ba aikin 'yan sanda ba ne sai idan an aikata laifi a ciki.

Shari'ar haya tana iya ɗaukar watanni ko shekaru, a tsawon lokacin kuma galibi babu kuɗin da ke shigowa. Saboda haka mutane da yawa sukan fara da sulhu a gaban mai unguwa, dattawa ko limami. Legas ta buɗe zauren sulhu da ke haɗe da kotu a 2002, wasu jihohi kuma suka bi sahu. Ba sabon abu ba ne mai gida ya yafe wani ɓangare na bashi domin ɗan haya ya fita cikin ruwan sanyi.

Haraji

Kuɗin haya yana cikin kuɗin shigar da ake biya wa haraji. Mutum yana biya ga hukumar harajin jihar da yake zaune, kamfani kuma ga hukumar tarayya. Idan ɗan hayar kamfani ne ko ma'aikatar gwamnati, yakan cire kashi 10 na hayar ya miƙa wa hukuma a madadin mai gida. Akwai kuma kuɗin ƙasa na shekara-shekara da mai takardar mallaka ke biyan jiha, da kuɗin gini da tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi ikon karɓa. Legas ta haɗe waɗannan wuri ɗaya tun 2001. Dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta ba 'yan haya damar cire kashi 20 na hayar shekara, iyakarsa naira 500,000, daga kuɗin da za a yi musu lissafin haraji a kai. Wannan ya ƙara wa rasit da rubutacciyar yarjejeniya muhimmanci.

A fiƙihun Musulunci

Musulmi da yawa a arewa suna lura da hukuncin fiƙihu tare da dokar jiha. Hayar gida halal ce a dukkan mazhabobi. Malaman Malikiyya sukan kira ɗaukar mutum aiki ijara, hayar gida, gona ko dabba kuma kira'i. Sharaɗi ne a san kuɗin, a san wa'adin, kuma amfanin da za a yi da gidan ya zama halal. A wurin Malikiyya mutuwar mai gida ko ta ɗan haya ba ta warware hayar da aka ƙulla, magada ne ke ci gaba har wa'adi ya cika, saɓanin Hanafiyya. Ɗan haya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace sai idan ya yi sakaci ko ya wuce iyaka. Hukuncin shufu'a ya ba abokin tarayya a gidan da ba a raba ba damar karɓar kason da ɗan'uwansa ya sayar wa bare a kan kuɗin da aka sayar, abin da ke shafar mai sayen kaso a gidan gado.

Game da zakka, ra'ayin mafi yawan malamai shi ne ba a fitar da ita a kan ginin da ake haya da shi, sai a kan kuɗin hayar idan ya kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Akwai kuma al'adar jinginar gida, inda mutum ke ba mai gida dunƙulen kuɗi ya zauna ba haya har ranar da za a mayar masa da kuɗinsa cif. Malamai da dama sun soki wannan da cewa rance ne da ya jawo amfani.

Matsaloli da suka

Baya ga rikicin takardu da rashin biyan haya, jarin gida yana da wuyar juyawa zuwa kuɗi. Mai bukatar gaggawa yakan sayar a ƙasa da daraja. Rikicin ƙabilanci da na addini ya sauya taswirar zama a Kaduna da Jos, inda mutane suka bar unguwannin da suka daɗe a ciki, darajar gidaje ta faɗi a wani wuri ta tashi a wani. Ambaliya, irin ta Maiduguri a Satumban 2024, tana iya lalata gida ta kori 'yan haya lokaci guda. Ha'inci a kayan gini kuma yana jawo rushewa da asarar rayuka.

Daga ɓangaren 'yan haya, ana sukar masu gidaje da ƙarin kuɗi ba sanarwa, ƙin yin gyara, da neman kuɗin shekara daga mutumin da albashin wata yake ɗauka. Ana kuma kukan wariya, domin wasu masu gidaje ba sa ba marasa aure, zawarawa, ko mutanen wata ƙabila ko wani addini. Masu gidaje kuma suna kafa hujja da tsadar kayan gini da jinkirin kotu, suna cewa kuɗin shekara shi ne kaɗai kariyarsu daga ɗan hayar da zai daina biya.

Wasu hanyoyin shiga harkar

Wanda ba shi da kuɗin gida sukutum yana iya shiga ta wasu hanyoyi. Wasu sukan fitar da sashe ko shago daga gidan da suke zaune. Wasu sukan yi tarayya, mai fili ya ba da fili, mai kuɗi ya gina, su raba sassan ko mai ginin ya ci haya na wasu shekaru sannan ya miƙa. Akwai kuma asusun haɗin gwiwa na zuba jari a gine-gine, wanda ake sayen hannun jarinsa a kasuwar hannayen jari ta Najeriya, a raba wa masu hannu kuɗin hayar da aka tara. Skye Shelter Fund, Union Homes da UPDC suna cikin na farko-farko, kuma Hukumar Kula da Hannayen Jari ce ke sa musu ido. Mai irin wannan hannun jari ba ya hulɗa da ɗan haya ko magini, amma ba shi da ta cewa a kan gidajen da za a saya, kuma farashin hannun jarin yana hawa yana sauka.

Duba kuma

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978
Ijara
Dillanci
Zango
Rabon gado a Musulunci